Ranakun KIT a hutun haihuwa a Birtaniya: nawa za a biya ki, kuma me zai iya taɓa miki kuɗinki

Tambayar da aka turo: "Salam Anti. Ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Manchesta, na haihu wata huɗu kenan, ina hutun haihuwa ana biyana SMP. Manajata ta kira wai in zo tirenin na awa biyu, kuma in ina so in riƙa ɗaukar shif ɗaya-ɗaya tunda suna ƙarancin ma'aikata, tace KIT ne. Gaskiya kuɗin ba ya isar mu. Wata ƙawata kuma tace gara in yi rajista da ejensi. Dan Allah dole ne in je? Nawa zasu biya ni? Kuma zai taɓa min SMP ɗina?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da arziki, Allah Ya raya mana Ya ƙara miki lafiyar shayarwa. Aikina kenan a nan ƙasar, lissafin albashin ma'aikata, kuma wannan tambayar taki tana zuwa min sosai daga 'yan uwanmu masu aikin kula da tsofaffi da nas-nas, dan haka bari in zauna in warware miki ita da kyau. Amma tun kafin ki karanta sauran, ki riƙe wannan: kar ki saka yunifom ki fita daga gida sai manajar nan ta rubuto miki a imel nawa za a biya ki, kuma ko kuɗin a kan SMP ɗinki, wato kuɗin haihuwa na doka da wurin aiki ke biyanki, za a ɗora shi ko daga cikinsa za a cire. Duk rigimar da nake gani a kan KIT daga nan take tasowa.

Toh, su dai ranakun KIT ɗin nan, ki kira su ranakun leƙa aiki, kwana 10 ne doka ta baki a cikin hutunki gaba ɗaya, wanda zaki iya zuwa ki yi aiki ko tirenin ko mitin ba tare da hutun ya karye ko SMP ya tsaya ba. Tun Afrilun 2007 aka fara tsarin. Kafin nan mace in ta taɓa aiki ko na yini ɗaya ne sai ta rasa kuɗin satin ɗungurungum, shi yasa mata suke ɓacewa daga wurin aiki kusan shekara su dawo komai ya canza musu. Kinsan hutun sati 52 ne, SMP kuma sati 39 ne kawai, sati 6 na farko ana baki kashi 90 cikin 100 na matsakaicin abin da kike samu a sati, sauran sati 33 ɗin kuma adadin da gwamnati ta yanke ko kashi 90 ɗin, duk wanda ya fi ƙanƙanta. A Afrilun 2025 an yanke adadin a £187.18 a sati, kuma duk Afrilu ana sabunta shi, dan haka ki duba takardar albashinki ki ga naki. Sati 13 na ƙarshe babu ko sisi. Ki riƙe sati 13 ɗin nan a ranki, zan dawo kansu.

Maganar dole kuwa, a'a, ba dole bane ko kaɗan. Ita bata da ikon tilasta miki ki zo, ke ma baki da ikon tilasta musu su baki ranakun, sai in duk kun yarda. In kika ce bazaki zo ba, doka ta hana a kore ki ko a muzguna miki ko a rage miki wani abu saboda haka. Ko tirenin ɗin da suke cewa wajibi ne ga kowane ma'aikaci, wajibcinsa bai hau kanki ba kina hutu, in kin dawo sai su shirya miki shi kafin ki hau rota. Na san yadda muke, musamman mu da muka zo da bizar aiki, manaja na kira sai gaba ya faɗi, a ga kamar in an ce a'a za a taɓa takardun zama. Hutun haihuwa na doka yana cikin abubuwan da hukumar shige da fice ta yarda da su, raguwar albashinki a lokacinsa ba dalilin janye miki ɗaukar nauyi bane. SMP kuma baya cikin tallafin gwamnati da aka hana masu biza karɓa, haƙƙin aikinki ne. Dan haka ki amsa wayar da kwanciyar hankali.

Akwai lokacin da ko kin so ba a yarda ba, wato sati 2 na farko bayan haihuwa, in a masana'anta mace take aiki sati 4. Wannan ya wuce ki, na faɗa ne saboda masu karantawa. Ni a nawa ganin ma sati biyun nan ya yi kaɗan matuƙa, mu da muka tashi muka ga maijego bata ko leƙa ƙofar gida sai ta yi arba'in, ga ruwan zafi ga kunun kanwa ga mai kula da ita. Nan ba kowa ke samun wannan gatan ba, amma jikin ai ɗaya ne, kar wata ta ga doka ta ce sati biyu ta ɗauka jikinta ya shirya ɗaga tsoho daga gado.

Yanzu ga inda tirenin ɗinki na awa biyu yake da matsala. A lissafin KIT babu rabin rana. Ko awa ɗaya kika yi, kai ko minti talatin, rana guda ta tafi cikin goman. Amma biya kuma, yawancin wurare awannin da kika yi kawai suke biya. Kinga kenan in kika je tirenin ɗin nan kin ƙona rana sukutum a kan kuɗin awa biyu, ga kuɗin bas, ga neman wanda zai riƙe miki jaririya. Haka in suka turo miki kwas ɗin nan na intanet suka ce ki yi a gida, kina zaune a falo da yarinya a cinya kina danna waya, shima aiki ne kuma rana ce ta tafi. Abin da nake ba mutane shawara shi ne su ce a haɗa musu, tirenin da safe, sai a cike sauran yinin da shif ko a tara duk kwasa-kwasan da suka rage a yi su rana ɗaya. Amma in manaja ta kira ki ne kawai ta gaishe ki, ko ta sanar dake an canza wani abu, ko ku tattauna ranar komawarki, ko kika kai musu jaririya su gani kuka sha shayi, wannan ba KIT bane, tuntuɓa ce ta yau da kullum da doka ta yarda da ita, kar ki bari a rubuta miki shi cikin goman.

In shif ɗin dare kike yi, irin takwas na dare zuwa takwas na safe, jagorar HMRC, wato hukumar haraji ta ƙasar nan, ta ɗauke shi rana ɗaya matuƙar dama haka tsarin aikinki yake. Duk da haka ki sa a rubuta a imel ɗin, saboda na'urar rota kwanan wata biyu take nunawa kuma wanda zai shigar da lissafin ba lallai ya lura ba.

Toh sai kuɗi, wanda shi ne asalin abin da ya dame ki. Dokar KIT bata yanke takamaiman abin da za a biya ba, ta bar shi ga yarjejeniya tsakaninki da wurin aiki, sai dai ba a sauka ƙasa da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda a Afrilun 2025 aka yanke shi a £12.21 a awa ga mai shekara 21 zuwa sama. Yawancin wurare kuɗin awarki na kullum suke bi. Inda gizo ke saƙar shi ne doka ta ba su damar su lissafa SMP na satin a matsayin wani ɓangare na abin da suka biya ki. Bari in yi miki da lambobi ki gani da idonki. Mu ɗauka ana biyanki £13 a awa, shif ɗinki awa 12, kenan £156 a shif, SMP kuma £187.18.

Wurin da suke da kirki zasu ɗora miki ne a kai, satin ki ga £343.18 kafin haraji. Wasu kuma sai su raba SMP ɗin gida bakwai, ya zama £26.74 a rana, su cire na rana ɗayan daga kuɗin shif ɗin, ki samu ƙarin £129.26, jimla £316.44, wannan ma ba laifi. Amma akwai na uku, masu haɗe SMP na satin gaba ɗaya da kuɗin aikin, su ce ai £156 ɗin da kika yi aikinsa yana cikin £187.18 ɗin da dama za a baki. A wannan tsarin kin tashi da asuba, kin tatsi nono kin bari a firij, kin yi awa 12 a tsaye, ƙarshen wata ki ga £187.18 ɗinki cif, babu ƙarin ko kwabo. Kuma abin da zai baki mamaki basu karya dokar SMP ba.

Na ga wannan da idona. Wata baiwar Allah ta zo min da takardar albashinta a waya, hannunta har rawa yake tana zuƙo hoton tana nuna min layin, ta yi shif huɗu a wata guda, kowane sati ɗaya, tana lissafin zata cike kuɗin haya da su. Layin KIT ɗin yana nan an rubuta kuɗin, sai a ƙasansa an rage SMP daidai wannan adadin, ƙasan takardar bai motsa ba. Ta biya wata maƙwabciyarta kuɗin raino na kwana huɗun daga aljihunta. Da muka buɗe littafin ƙa'idojin ma'aikata na wurin, ga shi nan a rubuce a wani sakin layi da bata taɓa karantawa ba, kuma manajar da ta kira ta ita kanta bata san haka ofishin albashi ke yi ba, da zuciya ɗaya ta ce mata za a biya ta. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don rana huɗu cikin gomanta sun tafi kuma ba a dawo da su. Shi yasa nace miki a rubuce, kuma ba manaja kaɗai ba, ki sa ofishin albashi ko HR, wato sashen kula da ma'aikata, a cikin imel ɗin.

Ni ban ga adalci a tsari na ukun nan ba, kuma ina faɗa musu in an tambaye ni. Kamfani yana karɓo kashi 92 cikin 100 na SMP ɗin da ya biya daga HMRC, ƙananan kamfanoni ma abin da ake mayar musu ya ɗan haura abin da suka biya. Kenan in suka haɗe, kusan da kuɗin gwamnati suka biya shif ɗinki, su sun samu ma'aikaciya a ranar da suke cikin ƙaranci. Kina da bakin magana a nan ƙanwata, su ne suka kira ki, su ke da buƙata. Ki ce musu cikin ladabi zaki zo in za a ɗora kuɗin a kan SMP, sau da yawa suna yarda saboda kiran ma'aikacin ejensi ya fi musu tsada nesa ba kusa ba.

In kuma suka ƙi, suka ce tsarinsu kenan, dabara biyu ce. Ta farko ki tara ranakun a sati ɗaya maimakon ki warwatsa su, shif uku a sati guda £468 ne, ko sun haɗe da SMP kin tashi da £468 ɗin, wato ƙarin £280.82, saɓanin ki yi su a sati uku daban-daban ki tashi a tutar babu. Sai dai ki sani satin SMP ba lallai daga Lahadi ko Litinin yake farawa ba, daga ranar da aka fara biyanki yake zagayowa, in ranar Laraba aka fara to Laraba zuwa Talata ne satinki, ki tambaye su. Ta biyu wadda na fi so, ki adana ranakun sai sati 13 ɗin ƙarshen nan da ba a biyan komai. A lokacin babu SMP ɗin da za a cire, duk shif £156 ɗinki ne cikakke, goma kenan £1,560 kafin haraji, a daidai lokacin da gida ya fi jin jiki. Ga yarinya ta yi wayo ta fara cin abinci, ke ma kin fara sabawa da fita a hankali kafin komawa gaba ɗaya. Amma fa wannan sai in kina da niyyar cinye sati 52 ɗin, in a sati na 39 zaki koma to ranakun basa bin ki, da hutu ya ƙare sun ƙare. Kuma yin su baya ƙara miki tsawon hutu ko na kwana ɗaya.

Masu aiki da NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, naku da ɗan bambanci, don kuna da kuɗin haihuwa na wurin aiki, sati 8 cikakken albashi, sati 18 rabin albashi haɗe da SMP, sati 13 SMP zalla, in kun cika sharaɗin shekara ɗaya kuna aiki. KIT ɗinku ana biyan kuɗin awannin ne a cire kuɗin haihuwa na wannan ranar, dan haka ku ma a ƙarshen hutu ya fi riba.

Me zai faru in kika wuce goma? Daga rana ta 11, duk satin da kika taɓa aiki a cikinsa kin rasa SMP na satin gaba ɗaya, ko da awa biyu kika yi. Kuma kariyar da ta hana aiki ya karya hutunki a kan kwana goman ta tsaya, ana iya ɗauka kin dawo aiki kenan. Kar ki dogara da manaja ta ƙirga miki, manajoji suna canzawa, rota tana rikicewa. Ki buɗe wani shafi a wayarki, duk ranar da kika je ki rubuta kwanan wata da awannin da kika yi da wanda ya kira ki.

Sai maganar ƙawarki da ejensi, wato kamfanin da ke tura ma'aikatan wucin gadi wurare daban-daban, nan kam dan Allah ki tsaya. Ranakun KIT na wurin da yake biyanki SMP ne kaɗai. In bayan haihuwa kika fara aiki da wani sabon wuri wanda baki kasance kina musu aiki ba a sati na 15 kafin satin da aka sa ran haihuwarki, SMP ɗinki ya tsaya daga satin da kika fara, kuma baya dawowa ko kin daina. Ke yanzu kina wajen sati na 19 ko 20 kenan, saura kusan sati 20 na SMP, ki lissafa da kanki abin da shif ɗin ejensi guda ɗaya zai jawo miki asara. Kuma nauyin sanar da wurin aikinki a kanki yake, in baki faɗa ba aka gano daga baya, kuɗin da aka biya ki bisa kuskure zasu nemi ki mayar. In da dama kina da aiki biyu tun a wancan satin na 15, wannan daban ne, kina iya komawa na biyun ba tare da SMP na farkon ya taɓu ba. Bayan sati na 39 kuma babu SMP ɗin da za a rasa, amma kwantiraginki na nan da ransa, ki duba ko ya hana aiki a wani wuri sai da izini, in kuma bizar aiki gare ki akwai iyakar awa 20 a sati na ƙarin aiki da sharuɗɗan irin aikin da aka yarda.

Wadda kuma ba SMP take karɓa ba, alawus ɗin haihuwa na gwamnati take karɓa ta hannun Jobcentre Plus, ofishin gwamnati mai kula da tallafi da neman aiki, saboda bata cika sati 26 a wurin aikinta ba ko sana'ar kanta take yi, itama kwana 10 ɗin ne, amma ita ce zata sanar dasu ranakun da ta yi aiki, kuma aikin sana'arta ma yana shiga lissafin. In ta wuce goma ana yanke mata. Masu raba hutu da maigida kuma, tsarin da ya fara a 2015, akwai wasu kwana 20 na leƙa aiki daban da ake kira SPLIT ga kowannenku, ƙari a kan goman nan.

Kuɗin KIT albashi ne, ana cire haraji da inshorar ƙasa da fansho kamar kullum. In gidanku na karɓar tallafin gwamnati na Universal Credit, duk £1 da ta ƙaru sama da abin da aka yafe muku ana rage fens 55, ki sa wannan a lissafi kafin ki ga kamar £156 ɗin duka zai shigo.

Abu ɗaya da mata ke mantawa, hutunki na shekara yana ci gaba da taruwa duk tsawon hutun haihuwa, sati 5.6 a shekara, wato kwana 28 ga mai aikin kwana biyar a sati. Tunda kuɗi ne matsalar, wata hanyar ita ce ki rufe hutun haihuwa a sati na 39 ki ɗora hutun shekarar a kai da cikakken albashi kina gida. Sai dai canza ranar komawa yana buƙatar ki basu sanarwar sati 8, kuma da kin rufe hutun haihuwa ranakun KIT da suka rage sun tafi, dan haka ki zauna da maigida da biro da takarda ku ga wanne ya fi muku.

In kin yanke zaki je, ki rubuta musu cewa kina shayarwa. Da zarar kin sanar a rubuce, wajibi ne su duba haɗarin aikin gare ki, haka ma ga duk wadda bata wuce wata shida da haihuwa ba, kuma su samar miki wurin da zaki huta. Ki nemi ɗaki mai tsafta da zaki tatsa da inda zaki ajiye, kar ki yarda da banɗaki. In tiyata aka yi miki ki faɗa musu ƙarara, aikin ɗaga mutum da juya shi a gado ba wasa bane, awa 12 a karon farko yana da yawa, kina iya neman awa 6 ko 8 duk da rana guda za a ƙirga.

Imel ɗin ba sai ya yi tsawo ba. Ki gode mata da kiran, ki ce kina sha'awar yin KIT amma kina so a tabbatar miki da kuɗin awa, da ko za a ɗora a kan SMP ko za a cire kuma nawa za a cire, da ranar da kuɗin zai shigo, da awannin da zaki yi, sannan ki roƙi a haɗa tirenin ɗin da shif a rana ɗaya. In amsar ta zo da wani abu da baki gane ba, ko kika ga fuska ta canza don kin yi tambaya, ki kira Acas, hukumar sasanta ma'aikata da wuraren aikinsu, kyauta suke ba da shawara, ko Maternity Action da suka ƙware a haƙƙin masu ciki da masu jego, ko Citizens Advice na unguwarku, in kina cikin ƙungiyar ƙwadago kuma wakilinku ne farko. Kar ki yi jinkiri in har abin ya kai ga muzgunawa, don wa'adin kai ƙara kotun ma'aikata gajere ne kuma sai an bi ta Acas tukuna. In kin samu amsar tasu ki turo min lambobin kawai, ki rufe sunanki da na wurin aikin, sai mu lissafa tare mu ga ko fitar ta biya kuɗin raino.